Matuƙin da Inna Ta Ce a Cire wa Kai

Shekarar da na ajiye aikin gwamnati na sayi jirgin. Na ƙare ƙuruciyata ina zana taswirar gine-ginen da ba a taɓa ginawa ba, a wani ofis da fankar sama ta fi ma'aikatansa motsi, don haka da aka sallame ni na ƙudura cewa kafin in mutu sai na ga abu ɗaya da na zana ya bar takarda. Abokan ritayata wasu suka shiga kiwon kaji, wasu suka shiga siyasar unguwa, da yawa suka shiga hawan jini. Ni kuwa na sayo jirgi mai saukar ungulu, ƙaramin nan da ake tuƙawa daga ƙasa da rimot, tsawonsa bai fi kamu biyu ba.

Yadda ya iso mini ba shi da kyan gani. Inji ne da batir da farfela da wayoyi a waje, sai wata 'yar roba ruwan ɗorawa da aka kifa masa a gaba. Maiɗakina ta leƙa kwalin ta ce ya yi kama da figaggiyar kaza. Yana tashi, yana sauka, amma ni ba tashin ne ya dame ni ba. So nake in an ɗauke shi hoto a rasa gane ko na gaske ne. An ce mini ana sayar da jikinsa da duk tarkacen ƙawarsa a ƙasashen waje, na ce ban da ni. Komai da hannuna zan yi shi, daga ƙusa har mariƙin ƙofa.

Daga nan kayan gidanmu suka fara ɓacewa. Matacin shayi ne ya fara tafiya, domin ragarsa ta yi daidai da ragar da ke rufe bakin da inji ke shaƙar iska. Eriyar tsohuwar rediyo ta zama salansa, bayan na gasa bakinta a kyandir don ta yi baƙin hayaƙi. Ƙarafan lema suka zama matakala. Murfin jan biro ya zama tukunyar kashe gobara, na rataye ta a bayan kujera inda ba mai ganinta sai ya durƙusa da tocila. Maiɗakina ta koma kulle kicin in za ta fita unguwa, abin da ba ta yi ba ko lokacin da yaranmu ke ƙanana. Kujerun kuwa sai da na je Ƙofar Dumi wurin wani baduku ya fefe mini fata ta yi siririya. Da na nuna masa girman abin da nake so a ɗinka, sai ya rage murya ya tambaye ni ko laya ce, kuma ta mece ce.

Abin da ya fi cin raina shi ne kawunan ƙusa. Jirgin gaske jikinsa cike yake da su, layi-layi, duk inda falle ya haɗu da falle. Da sirinji da farin gam nake ɗiga su, ɗaya bayan ɗaya, ina riƙe numfashi. Atishawa ɗaya takan rushe aikin yini. In na ɗiga wani ya fi 'yan uwansa girma sai in goge layin gaba ɗaya in sake, ko da yake na san daga taku biyar ba idon da zai bambance su. Maiɗakina ta ce da na ba aikin gwamnati rabin wannan kulawa da yanzu Bauchi ta zama Dubai. Na ce mata ai na ba shi, a cikin durowa yake.

A ƙofar gidana a Ɗan Iya akwai majalisa, ana zama bayan la'asar. Ba wanda ya taɓa shiga irin wannan jirgi a cikinsu, amma ba wanda bai san yadda ake ƙera shi ba. Wani ya ce farfelar ta yi kaɗan, domin wanda ya taɓa kawo wani babban mutum yaƙin neman zaɓe nasa fuka-fukai huɗu ne, da idonsa ya ƙirga kafin hularsa ta tashi. Wani ya ce in kai shi gidan gwamnati, tabbas a ba ni mai ba da shawara kan harkokin sama. Ni dai sai in ci gaba da goga da sanfefa.

Duk wannan bidiri Inna ba ta ce komai ba. Inna mahaifiyata ce, tana gidana tun bayan rasuwar mahaifinmu. Ni ne ɗan farinta, ita kuwa jinin Fulanin da suka zauna gari ce, kuma kunyar ɗan fari a wurinta ba ta tsufa. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ban kuma taɓa jin ta fuskance ni ta ce "kai" ba. In tana da magana da ni sai ta gaya wa maiɗakina, ko da ina tsugune a gabanta. In maiɗakina ba ta kusa sai ta gaya wa butar alwala. "A gaya wa mai gidan nan rufin ɗaki yana yoyo." Buta ta ji, ni in gyara. Ƙanena kuwa, autanmu, wanda ya gina sabon gida a Tirwun, "kai" yake sha safe da yamma: kai zo nan, kai ka rame, kai me ya hana ka zuwa jiya. Na yi furfura ina kishin wannan kalma, kuma ban ga dalilin ɓoyewa ba. Abu ɗaya nake rarrashin zuciyata da shi, cewa da aka ba ta zaɓin inda za ta zauna, gidana ta zaɓa. Auta bai taɓa haƙura ba. Ya ware mata ɗaki mai tayil da banɗaki a ciki, kuma duk zuwan da zai yi gaisuwa sai ya yi tallarsa.

Mahaifinmu malamin zaure ne a Ƙofar Dumi, kuma har ya koma ga Allah bai yarda an ɗauke shi hoto ba. In mai hoto ya shigo taron suna sai ya ja rawani ya juya wa bango fuska. Littattafanmu na boko kuwa, duk mutum ko akuyar da ke ciki sai da ya bi da alƙalami ya ja musu layi a wuya, wai an yanka su, sun tashi daga masu rai. Haka na koyi karatu, ina bin labarin yankakkun mutane suna tafiya kasuwa. Jikokinsa da ba su riske shi ba, in sun tambayi kamanninsa sai dai a ce musu dogo ne.

Wanda ya tashi a irin wannan gida ya kamata ya san inda zai tsaya. Amma da na gama ɗakin matuƙi, da kujerunsa na fata da mitocinsa da bel ɗin da na yanko daga bakin tsohon kallabi, sai kujerar ta tsaya mini a rai. Jirgi yana shawagi a sama kujera ba kowa, ai ko yaro ya san wasa ne. Na murɗa waya na yi ƙashin jiki, na lulluɓe shi da filar masu gyaran jikin mota, na ɗinka masa kaki, na sa hannunsa ɗaya a kan sandar tuƙi. Kan kuwa da ƙwallon goruba na yi shi, farin nan na ciki mai tauri, na yi ta sassaƙa har ya koma girman gurjiya. Ba ni da wani hoto a gabana, abin da hannu ya ba ni shi na karɓa. Wajen hanci wuƙar ta goce, ya ɗan karkata hagu, da ɗan tudu a tsakiya. Na so in sake, amma idona ya gaji, na ce gobe. Da gari ya waye kuma sai na ga fuskar ta zauna, na bar shi haka.

Inna tana da yanar ido, ba ta ganin abin da ya wuce haske da inuwa, don haka da an bar ni da ita da har yau ba ta sani ba. Amma akwai wani a majalisarmu wanda labari ba ya kwana a cikinsa. Ya shiga gaishe ta, muryarsa har titi: "Inna, ai ɗanki ya gama mutum. Saura busa rai kawai."

Da yamma na je gaisuwa na tarar an riga an kira maiɗakina ta zauna a bakin gado. Na san akwai saƙo.

"A gaya wa mai gidan nan," Inna ta ce da ita, "na ji an ajiye gunki a gidan nan. Mala'ikun rahama ba sa shiga inda yake. Ni kuwa tafiyata ta zo gangara, baƙi nake jira. Ba zan zauna inda za su zo su tsaya a waje ba. A cire masa kai, ko a kira mini autana."

Na ce da maiɗakina, "Gaya mata ba gunki ba ne, matuƙi ne."

"Ta ji ka, Alhaji. Idon ne ba lafiya, kunnen ras yake."

Inna ta gyara zama, ta ce da ita, "To a tambaye shi, ranar da za a ce ya busa masa rai, da batir zai busa?"

Na fita raina a ɓace. Maimakon in ɗauki filaya in gama magana, sai na yi abin da tsohon ma'aikaci ya iya, na shiga neman hanyar da za a bi doka ba tare da an bi ta ba. Na fara da hular kwano. Na samo murfin kwalbar turare, na fafe shi, na sa masa baƙin gilashi ya rufe fuskar ruf. Na aika a gaya wa Inna yanzu ba fuska. Ta aiko a tambaye ni, kan yana cikin hular ko ba ya ciki. Sai na tuna da alƙalamin mahaifinmu, na ɗaura wa matuƙin jan zare a wuya, na aika a ce an yanka shi yadda Malam yake yi. A nan har na fara murna. Sannan ta ce Malam takarda yake yi wa haka, wannan kuwa yana da inuwa.

Daga nan na shiga neman malami, irin neman da muke yi, wanda ba hukunci ake nema ba sai mai goyon baya. Na samu wani mai sanyin hali a masallacin bayan layinmu. Ya saurare ni tsaf, ya ce lallai malamai sun yi rangwame a kan 'yar tsanar da yara ke wasa da ita. Na ce madalla, har na fara laluben takalmi. Sai ya tambaye ni cikin ladabi, shi yaron shekarunsa nawa. Na yi masa godiya na tafi. Da na dawo gida na kwashe jirgin na kai gareji, na aika a ce ya bar gidan. Inna ta aiko a tambaya ko garejin a wajen katanga yake.

Kafin mako ya zagayo majalisa ta rabu biyu, 'yan a cire da 'yan a bari. Mutanen da liman bai san fuskarsu da asuba ba duk suka zama masu fatawa. Wani ya ce a cire kan da rana a mayar in za a tashi jirgin. Wani ya ce a kafa kwamiti, kuma ya nuna alamar zai iya shugabantarsa. Mai babbar muryar da ya haddasa abin kuwa ya ce shi tun farko ya san za a rina.

Na san akwai mai cewa wane irin dattijo ne zai ja da mahaifiyarsa a kan ƙwallon goruba. Maiɗakina ma haka ta ce, da waɗannan kalmomin. Amma ni a ofis duk abin da na zana sai wani na sama da ni ya cire masa wani abu. A cire tagogi don a rage aiki, a cire bene, a ƙarshe a cire ginin. Wannan jirgi ne kaɗai abin da na yi wanda ba mai sa hannu a samana, kuma ga shi an zo an ce a cire masa kai. Haushi nake ji sosai, har da na cewa ko wannan umarnin ma ba ni aka ba kai tsaye ba, ta hannun wata aka aiko shi.

Auta kuwa abin nema ya samu. Ya zo yana murmushi har kunne, ya same ni a gareji. "Yaya, ai abin bai kai na ɓacin rai ba. Ka riƙe mutuminka, ni in riƙe Inna. Juma'a in an sauko zan zo da mota." Na ce masa Allah ya kai mu. A raina na ɗauka barazana ce irin ta tsofaffi, ba inda za ta je.

Ranar Juma'a na dawo daga masallaci na tarar da motarsa a ƙofar gida, but ɗin bayanta a buɗe. An fito da jakar kayanta da dardumarta da butar da ta sha karɓar saƙona. Na tsaya ina kallo, na harɗe hannu a baya, ina nuna ko a jikina. Sai Auta ya fito da wani ƙunshi a hannu, ya ajiye shi a hankali a kan jakar. Na san ƙunshin. Farin yadin da ta tanadar wa kanta ne tun shekarun baya, wanda take cewa kada a wahalar da kowa da zuwa kasuwa ranar. A ƙasan akwatinta yake zama, ko ziyara za ta ba ta taɓa fita da shi ba. A nan na gane ba ziyara za ta ba, kuma in ranar ta zo, daga gidan ƙanena za a fito da ita, ni ɗan fari a kira ni a waya. Tsoro ya kama ni, irin wanda rabona da shi tun ina yaro.

Na shiga gareji, na buɗe gilashin ɗakin matuƙi, na cire hular kwanon da jan zaren. Wuyan waya ce kawai, filaya ta datse ta ba gardama. Aikin da ya ci mini makonni bai ɗauki tsawon atishawa ba.

Na same ta zaune a bakin gado, ta yafa mayafi, sanda a hannu. Maiɗakina tana gefe, Auta yana tsaye a bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota. Na durƙusa na ce, "A gaya wa Inna ga shi an cire." Da yake ba gani za ta yi ba, sai na sa mata shi a tafin hannu don ta tabbatar.

Ta karɓa da yatsu biyu, irin karɓar abin ƙyama. Ta juya shi. Babban yatsanta ya bi goshin, ya gangaro, ya tsaya a kan hanci. Ya koma sama ya sake gangarowa, ya sake tsayawa a wurin. Ta jingine sandar da gado, ta riƙe abin da hannu biyu. Auta ya daina kaɗa makulli. Sannan ta ɗago fuskarta, ba wajen maiɗakina ba, wajen da ta ji muryata.

"Kai," ta ce, "a ina ka samo hancin nan?"

Ta ci gaba da shafa ɗan tudun nan da na ɗauka kuskuren wuƙa ne, tana cewa a hankali, "Nan ne saniyar Baffana ta same shi, ranar da ya zo gaisuwar surukai. Bai ƙara miƙewa ba." Na leƙa tafin hannunta, na ga abin da na yi makonni ina kallo ban gani ba. Mahaifinmu ne, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana juya wa mai hoto baya.

Ta jawo haɓar zaninta, ta sa shi a ciki, ta ƙulle tam.

Auta ya yi gyaran murya. "Inna, mu tafi ko?"

"Kai, shigo mini da kayana. Ka fara da farin ƙunshin."

Maiɗakina, wadda ba ta iya barin magana ta wuce, ta ce, "Inna, to baƙin naki fa? Kan yana ɗakinki yanzu."

"Kan da ba jiki ai ba mutum ba ne, 'yar nan," in ji Inna. Wannan fatawa ba wanda ya ja da ita, har a majalisa.

Bayan an gama girbi na kai jirgin wani fili a Tirwun, inda ake hango gidan Auta da ɗakinsa mai tayil. Tashin farko gaban ya ɗan yi sama, domin an rage masa nauyi. Na lalubo ƙaramin noti na manna a ƙarƙashin kujera, ya daidaita. Wato duk rigimar nan a kan nauyin noti ɗaya aka yi ta. Ya tashi tsaf da kawunan ƙusarsa da salansarsa, matuƙi na zaune da kakinsa, hannu a kan sanda, ba komai a saman kwala. Manoman da suka taru suka yi ta dariya, mai babbar muryar majalisarmu ya ce a daina mamaki, ba shi ne na farko da ya tuƙa jama'a ba kai a ƙasar nan ba.

Inna ba ta sake ce mini "kai" ba. Washegari ma buta ta gaya wa cewa ƙofar banɗaki tana ƙara. Maiɗakina, in tana son ta tsokane ni, takan ce wai ni na tabbata da ni ake? Wataƙila kan da ke hannunta take nufi. Wataƙila kuma "kai" ɗin mamaki ne, irin wanda ake yi in an taka ƙaya. Nakan bar ta ta gama, sannan in ce mata ni mutum ne mai lura da ƙananan abubuwa, kuma ina wurin. Inna ba ta ce "a ina aka samo" ba. Cewa ta yi "a ina ka samo".